Wa Ke Shan Batirin Alhaji Zarami?

Masu cewa Hadijatu ta cika leƙen katanga, ku matso ku ji. Ba don leƙen nan nawa ba, da yanzu Babagana, mijin jikata Ummuhani, yana caji ofis yana kashe sauro saboda motar da ya fi kula da ita fiye da matarsa.

Alhaji Zarami maƙwabcina ne, dillali a kasuwar shanu, Babagana kuma direbansa. Bara ya sayo wata baƙar mota doguwa mai kujerun fata, irin wadda ba a murɗa mata makulli, maɓalli ake dannawa. Ranar da ta iso ya damƙa makullanta biyu a hannun mahaifiyarsa, Ya Kaka, ta tofa addu'a. Ta miƙa wa Babagana ɗaya, ta ƙulle ɗayan a bakin laffayarta, aka bar mata don albarka. Motar ba ta zuwa kasuwa, wai kada ta taka kashin shanu. Tsohuwar a-kori-kura ke wannan wahalar. Ita tana gareji a rufe, sai Juma'a ko ɗaurin aure. In ta wuce ba ka jin ƙararta, sai ƙamshi kamar ɗakin amarya, mu ce ai gidan Barebari ne, ko akuyarsu ƙamshi take.

To, a 'yan makwannin nan sai ta fara iskanci. Yau ta tashi, gobe sai an jona mata wuta. Aka sa sabon batir, bai daɗe ba shi ma ya bi sahu. Ranar da aka tafi gaisuwa Damagum kuwa ta yi wata fizga a tsakiyar hanya, ta maƙale a giya ɗaya, tana gurnani tana rarrafe. Har keke mai ɗauke da tumaki ya wuce su, mai keken yana ɗaga wa Alhaji hannu. Washegari da safe aka danna maɓalli, ko tari ba ta yi ba.

*

Ina shanya kuka na ji muryar Alhaji daga ƙofar masallacin unguwa. Na jawo turmi na taka.

"Ɓarawo a cikin rigata! Ka sayar da sabon batir ka sa min ruɓaɓɓe, kana satar fita da ita har ka kashe min giya!"

Babagana na tsaye kamar an dasa shi, hula a hannu. Jama'a kuwa kowa da nasa. Wani ya ce Gimba makanike ne ke tsarma man giya. Wani ya ce Mallam mai gadi ne ke kwana a ciki yana shan sanyi. Wata ta ce sammu ne, a tona ƙarƙashin gareji.

"Wallahi tallahi," in ji Alhaji, "duk wanda ya yi min wannan, ko wane ne shi, yau a caji ofis zai kwana! Kai kuma in an yi la'asar ba ka fito da batirina ba, da kai zan fara."

Na juya na ga Ummuhani a bayana, ga ciki ya tsufa, tana share hawaye da bakin zani. Na ce, "Rufe min baki, ba mutuwa aka yi ba." Na yafa mayafi na fita.

"Alhaji, kafin ka kira 'yan sanda, kira Saleh."

"Inna Hadi, mota ce fa, ba saniya ba."

"Da ɓarayi suka kore maka bijimai, wa ya bi su har bayan Nangere ya dawo da su? 'Yan sanda?"

Ya yi tsaki, amma ya ɗaga waya.

*

Saleh mai bin sawu Bafillace ne siriri kamar sandarsa, ba ya sauri ko gobara ake yi. Kun san Fulani da Barebari abokan wasa ne, don haka tun daga bakin ƙofa ya fara.

"Bawana, an ce jakinka ya ƙi ci ya ƙi sha?"

"Saleh, yau ba ranar wasa ba ce."

"Duk ranar da Babarbare ya hau abin da ya fi ƙarfinsa, ranar wasa ce."

Muka shiga gareji. Garejin nan ya daɗe yana ɓata min rai: ko taga babu, sai babbar ƙofa ta titi da ƙaramar da ke shiga cikin gida. Gimba makanike na ƙarƙashin motar, ƙafafunsa kawai ake gani. Ya fito yana huci, don ya ji abin da aka ce a kansa.

"Ga man giyar da aka ce na tsarma." Ya ɗiga shi a farin ƙyalle ya kai wa Alhaji har hanci. "Ja garau. Ka ji ƙauri? Ka ga yashi? Giyarka lafiyarta ƙalau."

"Lafiya ƙalau keke ya wuce ni?"

"Alhaji, giyar irin wannan mota ƙwaƙwalwa ce da ita, wuta take ci. In batir ya yi sanyi sai ta ruɗe kamar mai azumi a tsakar rana. Ta kama giya ɗaya ta riƙe don kada ta ji wa kanta ciwo. Abin da kwamfutata ta nuna kenan: ƙarancin wuta, ƙarancin wuta, tun daga sama har ƙasa."

"Wani ya ce min a waya giyabos ɗin za a sauke."

"Na wayar ya shinshina man?"

Saleh ya ce, "Batirin fa? An canja?"

"Ga ɗigon jan fentina a kansa, ni na sa shi. Alteneta tana caji. Na jona mita, na rufe ƙofofi na jira, babu inda wuta ke zurarewa. In an ƙyale motar nan ba ta shan komai. Mutum ke tashinta ya shanye batirin, ya kuma shanyewa, har ya gaji."

Saleh ya tsuguna ya shafa taya, ya murza ƙasar a yatsa. "Ƙasar hanya ɗaya ce, ta jiya. Ba a satar fita da ita. A tsaye ake tatsarta."

Na ce, "To kun ji! Ba a sayar da batir ba, ba a fita ba. Babagana, mu tafi gida."

"Zauna, Inna," in ji Alhaji. "Makullin a hannun wa yake?"

Na zauna.

*

Ni da bakina na ba Saleh labarin Mallam mai gadi. Na ce kullum ina jin rediyo daga wajen nan, kuma mutumin da ya auri mace ya sake ta saboda ta cika gishiri zai iya komai. Aka kira shi.

"Ni? Rediyona ga shi a wuyana, Inna Hadi, ke kika ce in riƙa ƙara murya in ana sanarwar rasuwa don ki ji ta katanga."

Wannan gaskiya ne, amma ba a gaban mutane ake faɗa ba.

Saleh ya ce masa ya ɗaga ƙafa. Takalmin taya ne mai zane kamar ƙayar kifi. Ya bi zanen a ƙasa, daga benci zuwa bakin titi, daga titi zuwa benci. Ko kusa da gareji bai je ba.

Sai Saleh ya koma ciki ya daɗe yana kallon siminti. "An share nan, kuma ba sharar tsabta ba ce. Gefe ɗaya kawai ake sharewa, daga ƙofar baya ta motar zuwa ƙaramar ƙofa. Tsintsiyar daga hagu take tafiya dama. Wane ne bahago a gidan nan?"

Duk muka juya. Babagana na riƙe da hularsa da hannun hagu.

"Me kake sharewa, Babagana?"

"Datti."

"Wane iri?"

Ya murza hularsa.

Na ce, "Kai angon banza, buɗe baki! Matarka na can ta kusa haihuwa, kana so a raɗa wa ɗanka suna kana bayan kanta?"

"Inna, ban ɗauki komai ba."

"To wa ya ɗauka?"

Ya sunkuyar da kai. Alhaji ya tafa hannu ya ce, "Kun gani!" Ni kuwa na dubi Saleh kamar in kwaɗa masa sandarsa. Na kawo mutum ya ceci yaro, ya zo yana ƙara masa igiya.

*

"Inna," in ji Saleh, ko a jikinsa, "ni ba na shiga cikin gida. Shiga ki gano min."

"Me zan gano?"

"Abin da kika saba."

Cikin gida ya cika da hidimar bikin Khalida, 'yar Alhaji, da ya matso. Kellu uwar amarya ta tare ni tun a tsakar gida ta riƙe min hannu.

"Inna Hadi, don Allah kada maganar motar nan ta kai kunnen Ya Kaka. Alhaji ya hana. Kin san hawan jininta."

Na ce ai ni ba mai surutu ba ce. Ta dube ni, na dube ta.

Ya Kaka na ɗakinta a tsakiyar tulin laffaya da zannuwan gado na amarya. Ta haura tamanin, kunne ya yi nauyi, amma hannu da ƙafa garau. Ta jefo min wata laffaya a fuska.

"Shinshina, Hadijatu! Tun da uwarki ta haife ki kin taɓa jin turare ya kama kaya haka?"

Gaskiya ban taɓa ji ba. Har cikin zaren ya shiga. Na ce ta ba ni sirrin, ta ce in bari sai na zama Babarbariya.

Na fito na zazzage wa Saleh duk abin da na samo: cewa dangin ango sun kawo atamfa mai zuba, cewa Kellu da ƙanwar Alhaji ba sa magana, cewa gidan ya rikice har kabbasar Ya Kaka, wannan kwandon da ake kifawa a kan kasko a shanya kaya su sha hayaƙi, an mayar da ita akurkin 'yan tsaki.

"Tun yaushe 'yan tsaki ke ciki?"

"Har sun fara fiffike. Kai, ina ba ka labarin atamfa kana tambayar kaji?"

Ya ajiye sanda ya kwanta rub da ciki a kan simintin gareji, dattijo da gemunsa. Na ce shi ke nan, rana ta taɓa shi. Ashe kiyashi yake kallo. Layi ne siriri, ya fito ta ƙarƙashin ƙaramar ƙofa, ya hau tayar baya, ya shige ta gefen ƙofar mota. Saleh ya buɗe, ya zura hannu can ƙarƙashin kujera inda tsintsiya ba ta kaiwa, ya zaro wani ɗan baƙin abu kamar tsinken sakace. Ya lasa. Ya tofar. Ya jefa a aljihu.

"Gimba, sa mata batir mai rai. Bawana, yau ba za ka koma kasuwa ba. Bayan azahar kowa ya dawo nan."

"Ka faɗa min suna kawai!"

"In ka gane inda saniya ke shan ruwa, ba ka ƙara binta. Zama kake yi."

*

Bayan azahar ya jera mu a lungun gareji bayan buhunan dusa: Alhaji, Gimba, Mallam mai gadi, Babagana, da ni da ba a gayyata ba. Aka ja babbar ƙofa. Zafi kamar gidan burodi. Alhaji na ta duba agogo, ƙafata ta yi tsami, Mallam ya fara gyangyaɗi. Babagana kuwa gumi kawai yake, yana kallon ƙaramar ƙofa kamar mai jiran mala'ika.

Alhaji ya raɗa, "Saleh, in wasa kake min..."

Ƙaramar ƙofa ta yi ƙara.

Ƙullin kaya ne ya fara shigowa, sannan Ya Kaka a bayansa, tana 'yar waƙarta. Ko waiwaye ba ta yi ba. Ta taɓa ƙofar mota, ƙofa ta buɗe, don makullin na bakin laffayarta. Ta shimfiɗa laffaya a kujerun gaba, ta shimfiɗa a na baya, ta rataya zanin gado a kan sitiyari. Ta fito da ɗan kaskon turare na lantarki, irin tsarabar Umra, ta soka wayarsa a ramin da ake cajin waya. Ta danna maɓalli. Injin bai tashi ba, amma fitilu suka kama, fanka ta fara hurawa. Ta barbaɗa turare, hayaƙi ya murtuke, ta rufe ƙofa gam ta kakkaɓe hannu.

Gimba ya dafe kai da hannu biyu. Alhaji ya zaro ido. Wa zai yi magana? Ɗa ba ya kama uwarsa, bara ba ya kama uwar ubangidansa. Ni kaina, da ba a taɓa rasa magana a bakina ba, na rasa.

Saleh ya miƙe ya buga sanda a ƙasa, ya gaishe ta da Barbarci.

"Wushe, baiwata! Yau na kama ɓarauniyar Barebari da hannu dumu-dumu!"

Ya Kaka ta juyo ta ƙanƙance ido. "Wa ya bar ƙofa a buɗe Fulata ya shigo? Ku duba kwanon nono, ku duba igiyar shanya!" Sai ta hango sauranmu. "Zarami? Me kuke yi a bayan dusa kamar ɓeraye?"

"Ya Kaka," in ji Alhaji da wata 'yar murya, "tun yaushe kike... wannan?"

"Tun da aka sa ranar Khalida. Kabbasa hayaƙi ke tsere mata ta ko'ina. Wannan kuwa in ka rufe, ko numfashi ba ya fita, ga iska tana juya shi. In sa bayan azahar, in kwashe da la'asar. Abin da ta fi iyawa kenan, ku kuna ta yawo da ita a rana."

Saleh ya fito da ɗan tsinken daga aljihu. "Icen sandal ne da aka soya da sukari. Mutum ya share sawunsa, wani ma ya share masa, amma kiyashi ba ya rufa wa kowa asiri." Ya matsa kusa da kunnenta ya ɗaga murya. "Tsohuwa, kaskonki da fankarki sun shanye batir, giya ta haukace. Ɗanki ya kira yaron nan ɓarawo a ƙofar masallaci. Ya kuma rantse da Allah duk wanda ya yi, yau a caji ofis zai kwana."

Fara'ar fuskarta ta ɗauke. Ta dubi Babagana.

"Ka sani?"

"Na ga ɓurɓushin, Ya Kaka. Na share."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Da wane bakin?"

Ta gyara laffaya ta ce, "Mallam, shiga ka ce Kellu ta ba ka tabarmata da butata. Zarami, ɗauko a-kori-kura. Mu je."

"Ina, Ya Kaka?"

"Caji ofis. Ba ka rantse ba? Ni ban haifi mai rantsuwar ƙarya ba."

Alhaji Zarami, mutumin da in ya yi tsawa a kasuwa bijimi ke ja da baya, ya zube a kan siminti, babbar riga cikin dusa. "Ki yafe min, Ya Kaka. Zan yi kaffara."

"Kaffara tsakaninka da Allah ce. Yaron fa? A ina ka zubar masa da mutunci?"

"A... ƙofar masallaci."

"To a can za ka kwashe."

*

Da aka sallame la'asar ina kan turmina. Alhaji ya tsaya a daidai inda ya tsaya da safe, ya riƙe hannun Babagana, ya ce yaron nan amintacce ne, shi ne ya yi gaggawa, a yafe masa. Aka ce to wa ya shanye batirin? Ya ce matsala ce ta cikin gida, an gyara. Kafin magariba duk unguwa ta san wace ce cikin gidan. Ban san wa ya faɗa ba.

Gimba ya sa sabon batir ya goge wa giya ruɗewarta da kwamfuta, ta koma shiga kamar ana zuba mai. Ya roƙi Ya Kaka ta koma wa kabbasa, ta ce 'yan tsaki ba su gama girma ba. Dole ya kawo mata wani tsohon batirin tirela ya jona wa kaskon, ya roƙe ta da girman Allah ta daina taɓa maɓalli. Har aka yi bikin Khalida, Alhaji a a-kori-kura yake zuwa Juma'a. Shinkafar kaffara kuwa na aika da kwanona, aka ce ta miskinai ce, na ce a zo a ga rufin ɗakina.

Ranar sunan ɗan Ummuhani, Babagana ya kawo su Kellu a baƙar motar. Na ja shi gefe na kama kunnensa.

"Kai, saura kaɗan ka kwana a bayan kanta saboda kunya. In an sake irin wannan, ka zo ka faɗa min. Ni ba na jin nauyin kowa."

Ya cire hula ya sosa ƙeya da hannun hagun nan nasa.

"Ai Inna, shi ya sa ban faɗa miki ba."